Mma Awabu, Mai Zaɓen Goron Nima

Shekara arba'in da ɗaya Mma Awabu tana fitowa daga lungunsu na Maamobi da sassafe, ta zauna a rumfar goro a unguwar Nima, ta fara zaɓe. Mai kyau dama, mai sankara hagu, wato wanda ƙwaro ya cinye cikinsa alhali bayansa sumul. Ƙwaya ɗaya irin wannan ta isa ta ɓata kwando guda.

Da su tara ne masu zaɓe a rumfar. Wasu sun rasu, wasu sun koma arewa. Ɗanta tilo, Fu'ad, yana Italiya, sai da sallah ake jin muryarsa. Ita kaɗai take shan kokonta a gindin kwanduna.

Alhaji Bukar, falken Nijar, ya shaida mini cewa bai taɓa kwance kayan da ta zaɓa ya ji kunya ba.

Ni da mijina ya rasu na je wurinta, ba ni da sana'a. Na tambaye ta yadda ake ganewa.

"'Yata, nemi ɗan huji, ki duba tabo," in ji ta.

Wata biyu ina bin wannan ƙa'ida ina kuskure. Ita kuwa jefawa take yi, ko kallo babu. Rannan na ɗauki wata ƙwaya, ba huji ba tabo, na jefa hagu.

"Me ya sa?"

"Wallahi Mma, ban sani ba."

Ta fasa ta, sai ga ƙwaro a ciki.

"Hannunki ya riga bakinki," ta ce. "Ni ma sai da na shekara goma kafin na gane rashin nauyi nake ji. Da na gane, babu wanda zan gaya wa."

Ke ce kika yi haƙuri da ni, Mma, har abin da hannuna ya sani ya iso bakina. Uwar rumfa, Allah ya saka miki da alheri.

Watan jiya rawar hannu ta zaunar da ita a gida. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba.

Duk wanda ya iya wani abu, ya bar wani ya zauna kusa da shi, ko da bai iya bayani ba. In kuma kun bi ta Maamobi, ƙofarta ce shuɗiya kusa da famfo. Ku shiga ku gaishe ta. Ba ta cika samun baƙi ba.