Baba Ndagi da Shari'ar "Kasa"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, 9 ga Satumba, 2025, Allah Ya karɓi ran Barista Ndagi Gimba a gidansa da ke Barkin Sale, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Ni Raliya, 'yar maƙwabcinsa da ya mayar 'yar cikinsa, na rasa uba na biyu.

Baba, na tuna ranar da na kawo maka fom ɗin shiga jami'a. Na cike Legas da babban baƙi, domin burina in zama lauyar kamfanoni, mai ofis a saman bene da takalmi mai ƙwas-ƙwas. Ba ka yi dariya ba. Ka dai tambaye ni abin da ban taɓa tambayar kaina ba: su wa ke koyarwa a can, akwai littattafai kuwa, kuma ana tura ɗalibai kotu su ga shari'a da idonsu? Ka ce sunan makaranta ba ya tsaya wa mutum a gaban alƙali. Ka ce a ƙasarmu gona ɗaya takan haɗa al'ada da shari'ar Musulunci da dokar gwamnati, don haka in nemi inda zan san ukun. Haka na tafi Zariya ina ƙunƙuni, na dawo ina godiya.

Kai mutumin Bida ne, shekara arba'in a Minna ba su lanƙwasa maka harshe ba. "Ƙasa" a bakinka "kasa" ce. Duk hutu sai ka ce, "Raliya, ki karanta shari'ar kasa." Ni kuma da rashin kunyar 'yar gida na taɓa cewa, "Baba, shari'ar waɗanda suka kasa kenan?"

Washegari ka sa ni a tsohuwar motarka, wadda sai an tura take yarda ta tashi, muka nufi Gwada. Can ka nuna mini Mama Alisabatu Shekwolo, gwauruwa mai noman doya. Wani ya zo da takarda mai hatimi ya ce gonarta tasa ce. Ita ba ta da takarda ko ɗaya, sai layin bini-da-zugu da mijinta ya dasa a kan iyaka, da tsofaffi uku da suka ga dashen. Ka tuɓe takalmi ka shiga cikin kunyoyin gonar, kana ƙirga itatuwan ɗaya bayan ɗaya, kana rubutawa. A hanyar dawowa ka ce, "Jiya kin faɗi gaskiya. Shari'ar waɗanda suka kasa ce. Sun kasa karatu, sun kasa ɗaukar lauya. To wa zai tsaya musu?" Ban ƙara yi maka wannan tsiyar ba.

Bana, da na gama makarantar horar da lauyoyi, wani ofishin lauyoyi a Abuja ya ba ni aiki, irin wanda na yi mafarki tun ina yarinya. Na kawo maka takardar kana kwance. Ka sa mini albarka da zuciya ɗaya, sannan ka nuna fayil ɗin Mama Alisabatu a gefen gado, ka ce shari'ar na nan watan gobe, ƙafarka kuma ba za ta kai ka kotu ba. Ba ka roƙe ni ba, ba halinka ba ne. Na ce zan ba ka amsa ranar Juma'a. Ashe Juma'ar ba taka ba ce, wannan kuwa yana ci mini rai har yanzu.

Ranar sadakar uku na ga Mama Alisabatu a ƙofar gida, ta sauke doya biyar daga kafaɗa, ta zauna tana kuka. Fayil ɗin yana hannuna tun ranar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajiya Saudatu, da 'ya'yanka Nma da Farida, da manoman Gwada da suka yi rashin garkuwa. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata maka ƙasar da ka kwanta a cikinta kamar yadda ka tsare wa bayinSa tasu.

Ga amsata, Baba, ko da ta makara. Ban tafi Abuja ba. Na zaɓi shari'ar kasa, yadda kake faɗinta.