Harsuna Huɗu a Saba Ɗaya

A ofis Ƙafar-Yawo ake ce masa, kuma bai taɓa musu ba. Ya yi gyaran rediyo, ya yi koyarwa wata takwas, daga baya ya faɗa rubuta shafukan intanet a wani kamfanin sayar da tikitin mota. Ko a kujera ba ya zama daidai, kullum ƙafa na kaɗawa har teburin maƙwabcinsa na rawa.

Aikinsa shi ne ƙwarangwal ɗin shafi. Zai bar gurabe, ya saƙa umarni a tsakani, sai saba, wato babbar kwamfutar kamfanin, ta cike sunan fasinja da lambar kujera kafin ta aika. Da harshen kwamfuta ɗaya ake rubuta umarnin, shi kuwa wata uku ya gundure shi. Sai ya duƙufa har ya koya wa sabar karɓar wani: ka sa sunan harshen a layin farko, ta bi. Kai, ranar har rawa ya taka! Daga nan duk harshen da ya burge shi sai ya cusa. Kafin a ankara sun zama huɗu, kuma ko layi ɗaya na bayani bai taɓa rubutawa ba. Wai ɓata lokaci ne.

A shekara ta huɗu wani wuri ya kira shi aiki, aka ce ya fara ranar Litinin mai zuwa. Murna kamar ya tashi sama. Manaja ya ce, "Ba na riƙe ka. Ka miƙa wa Anti komai ta gane, ka kama gabanka."

Anti ce mai kula da sabar, harshen farko kaɗai ta iya. Ta jawo kujera, ta gyara gilashi. Kwana uku suna bin shafuka ɗaya-ɗaya, yana bayani a tsaye, yana kai-komo tsakanin taga da firinta.

Ranar Alhamis suka iso shafin canja ranar tafiya. Ta ce, "Wannan kuma wane mai jan hali ne ya rubuta?"

"Ni ne."

"To karanta min."

Ya sunkuya ya duba. Harshe na uku ne, wanda ya yi wa son mako shida ya watsar. Ya hau sama, ya sauko ƙasa, ya sake hawa. Wallahi ko layi biyar bai gane ba, kuma irinsa goma sha tara ne ke jira a baya. Kunya ta rufe shi, ya ji haushin kansa.

Wayarsa ta yi ƙara, mutanen sabon wurin ne, suna tambaya ko ya shirya. Ya kalli Anti, tana nan riƙe da biro a kan farar takarda.

Ya ce wa masu wayar, "Ku yi haƙuri, ku ba wani aikin."