Kumatun Jariri

A gidanmu na Kurawa, in an gama cin tuwo, Kaka kan tara mu a bakin murhu ta ba mu tatsuniya kafin garwashin ya mutu. Ni ba na iya zama gaba. Bayan turmi nake raɓewa, inda nake ganin fuskar kowa ba mai kallon tawa.

Ina aji huɗu Kawu Isiya, autan Kaka, ya zo hutu daga aikin soja. Matarsa Hajara ta haihu yana can daji, amma tun da ya dawo bai karɓi yaron ba. In ta miƙo masa, sai ya cusa hannuwa a aljihu. Kullum yana jingine da katanga, idonsa a ƙofa, takalmansa a ɗaure. Hajara ta gaji, ta fara ninke kayanta, ta ce gidansu za ta koma, Kamarawa.

Ran nan Kaka ta ce, "Ga wata nan tahe, wadda ban taɓa ba ku ba."

Wai wani barden Alkalawa ne. An koya masa in an gwabza kada ya kalli idon mutum, ya kalli kumatu. Mai tsagar Gobirawa nasu ne, mai fuska sumul kuwa a sare shi. Ya daɗe a haka har ya daina ganin mutane, sai kumatu. Da ya dawo gida matarsa ta haihu, aka kawo masa jariri. Fuska sumul, aska ba ta taɓa ta ba. Sai ya ji hannunsa ya nufi takobi da kansa. Ya fita da gudu, ya kwana a bakin gulbi. Da safe ya roƙi wanzami ya yi wa yaron tsaga tun kafin suna. Aka yi. Ya leƙa, ya ga ta yi daidai.

"Amma bai ga ɗan nai ba," in ji Kaka. "Tsaga kaɗai ya gani."

Ƙanena ya ce, "Kaka, mugu ne ke nan?"

"Ruhe baki, sarkin surutu. Da mugu na, mi za ya sa shi tsere ma hannunai?"

Sai muka ji muryar Kawu daga jikin katanga, a dishe. "Inna, daga baya ya ɗauke shi?"

Kaka ta tura karan dawa cikin wuta, ta daɗe tana kallonsa yana ci. "Wadda ta ba ni ba ta kai nan ba, Isiya."

Hajara tana tsaye a bakin ɗaki, yaron a kafaɗarta. Ta tako a hankali ta zauna kusa da mijinta. Ba ta miƙa masa ba, ta kwantar da yaron a tabarma tsakaninsu. Na ga yatsan Kawu guda ɗaya ya taɓa dunduniyar yaron, sannan ya janye. Iyakar abin ke nan. Hutunsa ya ƙare bai ɗauke shi ba, amma Hajara ta kwance kayanta.

Na daɗe ina zaton Kawu aka yi wa tatsuniyar. Sai da na girma na gane Hajara aka ba. Kaka ba ta da bakin gaya wa surukarta cewa ɗan da ta goya ya dawo yana tsoron hannuwansa, sai ta aro barde ya faɗa mata. Yaron yanzu ya fi ni tsawo. Kawu yana raye, ya bar aiki. In yaron ya zo gaishe shi, daga nesa yake durƙusawa, Kawu kuma ya amsa da kyau, hannuwansa a ƙarƙashin cinya.