Alawayyon Baba

Ana sallame sallar asuba muka bar Tsanyawa, ni da Baffa, ƙanin mahaifina. Aiken ba shi da daɗin faɗa: likkafani za mu sayo wa mutumin da muka baro yana shan koko.

Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wata tsohuwar masaƙa a Kano, cikin na farko-farko, lokacin da audugar ƙauyukanmu ce abincin injinanta. Da ya bar aiki ya dawo da bandir guda na alawayyo, ya ajiye don ranarsa. Amma duk wanda ya rasu a unguwa sai ya ce a yankar masa. Haka bandir ya ƙare a jikin maƙwabta. Yanzu ido ya tafi, jiki ya yi rauni, ya kafe shi dai da saƙar masaƙarsu za a suturta shi.

A bas aka cusa mu huɗu-huɗu kamar buhunan gyaɗa, kuɗin mota kuwa ya kusa ninka na bara. Daga Bichi har Dawanau ina ta leƙen gonaki: gero, dawa, wake. Ko tushe ɗaya na auduga ban gani ba. A Bacirawa ma bulo ake shukawa.

Masaƙar tana nan, bishiya ta huda rufinta ta fito. Maigadi ya ce tuni aka yayyanka injinan aka sayar wa 'yan gwangwan. Na leƙa ta wata taga, sai ga dilolin yadin waje har sama. Gidan da ya tufatar da mu ya koma siton abin da ya kashe shi. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan zaga.

Muka shiga kasuwa muka zaɓi farin yadi mafi kauri, na ɓare tambarin. Baffa ya ce in kama bakina.

Bayan la'asar muka iso gida. Baba ya murza bakin yadin da yatsu biyu, ya kai hanci.

"Akwai roba a ciki. An rufe masaƙar ko?"

"An rufe, Baba."

Ni dai abin da tafiyar ta koya mini ke nan: mun yi sake har ba ma iya rufa wa gawarmu asiri da abin hannunmu.

Can sai ya miƙo mini yadin.

"Ajiye shi. Waɗanda suka riga ni sun yi sa'a."