Gyaɗar da Na Soya da Yashin Teku

Ko na manta ranar da na fara taka Jidda, ba zan manta ranar sunan jikar Khala ba. Shekaru sun tura, amma har yau in na tuna sai na harari maigidana, ko da bai yi komai ba.

Lokacin ban daɗe da biyo shi daga Katsina ba. Shi injiniya ne a tashar jiragen ruwa, muna haya a wani bene a Waziriyya. Khala ce babba a benen, Bahaushiyar Sudan da ta tsufa a Jidda. Macen da ta yi na'am da ita ta shiga cikin mata, wadda ta yi wa shiru kuwa sai zaman ɗaki. Ni kaɗaici ya gama cinye ni, don haka da 'yarta ta haihu na yi wuf na ce ni zan kawo soyayyar gyaɗa irin ta gida, wadda ake juyawa cikin yashi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Tayyib, ya binti," wato to 'yata, "mu gani."

Gyaɗa na samo a kasuwar Bab Makka, yashi ne ya gagara. Na ce wa maigida ya roƙo mini ko kwano ɗaya a inda ake gini. Ya ce Allah ya kiyaye, a ce matarsa ta ciyar da mutane da yashin siminti? Ranar Juma'a ya sa ni a mota da bokiti, sai bakin teku can arewa da gari.

Wuri kam ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yashi fari sol, laushi kamar garin tuwo, ruwa kore shar, kana hango yatsun ƙafarka a ciki. To mutumin nawa in ya ga abin bayani ba ya iya haƙuri.

"Kin san me ya sa ruwan nan yake garau? Babu kogin da ke kwaro laka cikin Bahar Maliya. Ga shi nan ba zurfi, ƙasansa fari, rana ta doka ta dawo, shi ne kike ganin kore. Yashin ma ba dutse ba ne irin na rafinmu, murjani ne da ɓawon katantanwa. Sannan akwai wani..."

"Yallaɓai," na katse shi, "ni tambaya ɗaya gare ni. Zai soya gyaɗa?"

"Ya fi kowane yashi tsabta a duniya."

Na cika bokiti muka dawo. Na wanke, na shanya, ana gobe suna na ɗora kasko. Wayyo Allah! Yana ɗaukar zafi ya fara tartsatsi, ɓawo na tsalle yana harbina a fuska, ƙarni ya cika gidan kamar kasuwar kifi. Ina juyawa yana narkewa yana zama gari, gyaɗa ta fito fari fat kamar an shafa mata hoda. Na zauna a ƙasa na yi kukana mai isata. Sannan na tashi na tankaɗe ta da rariya, na murje ɓawon tas, na fece, na goge da tsumma. Sai da tafin hannuna ya yi ja, amma ƙarnin ya tafi, ɗan gishiri-gishiri kawai ya rage.

Ranar suna mata muna falo, maza suna ɗakin da ke kallonmu, labule kaɗai ne tsakani. Khala ta ɗebi gyaɗar ta tauna, ta sake ɗiba. "Mashallah, wannan hannun gida ne," in ji ta, har ta matsa ta ba ni wuri kusa da ita. Wallahi ji na yi kamar an ba ni iƙama ta biyu, wato takardar izinin zama a ƙasar.

Sai na jiyo muryar da na sani daga bayan labule.

"Alhaji, ka san da me aka soya gyaɗar nan? Farin yashin teku. Akwai wani kifi mai baki kamar na aku, shi ke gwaguyar murjani ya niƙe a cikinsa, sannan ya fitar. Da yawa daga farin yashin nan, kashinsa ne!"

Wata ta lallaɓa ta tofar da nata a gefen mayafi. Khala ta buɗe tafin hannunta ta ƙura wa gyaɗar ido, sannan ta juyo gare ni. "Ya binti, kashin kifi kika ba mu?" Can ciki kuma ina jin bawan Allah yana ƙarawa, wai ai a fiƙihu ba najasa ba ne. Don Allah wa ya tambaye shi?

Da muka koma na tsare shi a bakin ƙofa. "Me ya hana ka gaya mini tun a bakin teku?" Ya buɗe hannu ya ce, "Ai zan faɗa, ke kika katse ni." Abin da ya fi ƙona mini rai, gaskiya ya faɗa.

Kwanaki na yi ban leƙa waje ba, na riga na sallama cewa zaman ɗaki ya same ni. Sai ga Khala da kanta da wani tsohon gwangwani, cike da jan yashi wanda ya yi baƙi-baƙi don sha wuta. Daga bakin kogin garinsu ta zo da shi, da shi take suya tun tana amarya. "Khalas, shi ke nan, kukan ya isa," ta ce. "Soya mana wata. Amma mijinki ki bar shi a gida."

Na shiga cikin mata kam, sai dai har yau "Uwar Kifi" suke kirana. Abin da na koya shi ne, in mai dogon bayani ya fara, ki daure ki bar shi ya kai ƙarshe kina ke kaɗai. In kika katse shi, ajiye ragowar zai yi, ya ƙarasa miki ita a gaban mutane.