Turaren Kaka a Hawa na Shida

Daga Madawa

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar gida, ni da Kaka da buhun albasa. Na sa albasar cikin lissafi ne domin ta fi ni samun kulawa a tafiyar nan. Taurari sun yi ƙasa-ƙasa a kan rufin gidaje, kamar in miƙa hannu in tsinko biyu in yi ƴan kunne. Inna ta rako mu tasha tana jan kunnena: "Balki, ki riƙe bakinki a garin mutane." Na ce to, na kuwa riƙe shi da hannu biyu har muka wuce Galmi.

Dalilin tafiyar biyu ne. Gwiwoyin Kaka sun daɗe suna yi mata tawaye, har salla a kan kujera take yi, aka ce ta ga likitan ƙashi a Yamai. Na biyu kuma, Yaya Laminu, wanda Kaka ta goya tun daga yaye, ya samu aiki a wani babban otel a tsakiyar birni. Watannin gwaji yake ciki, saura kaɗan a ce masa ya zauna ko ya kama gabansa. Ya roƙi a ba shi ɗaki na kwana biyu a farashin ma'aikata, aka ba shi, da sharaɗin duk abin da baƙinsa suka yi a wuyansa yake. Ya maimaita mini wannan sharaɗi a waya har na iya rera shi.

Konni, Dogon Dutsi, Doso

A bakin Konni jandarma suka tsayar da mu. Wani dogo ya karɓi katin Kaka, ya dubi hoton, ya dube ta, ya sake duban hoton.

Ta ce, "Ni ce, ɗana. Rana ce ta gasa sauran."

Ya mayar mata da katin yana dariya, nawa ma bai tambaya ba.

Daga nan hanya ta miƙe, kusan kilomita ɗari biyar ne gaba ɗaya, kuma kowace kilomita sai da ta gaisa da ƙashin bayana. A Dogon Dutsi muka sha hura. A Doso na ci dambu da kopto, zogale ke nan da aka kwaɗa da ƙuli, har sai da direba ya yi mini oda sau uku. Bayan nan barci ya riƙa ɗaukata yana sakina. Wajen Kure na buɗe ido na ga raƙuman dawa guda biyu tsaye tsakanin itatuwa, wuyansu a cikin hasken rana, suna tauna ganye a hankali kamar masu tunanin wani abu da ya wuce tuntuni. Na kasa rabewa ko mafarki ne. Na taɓa Kaka na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Waɗannan ba su san ciwon gwiwa ba."

Yamai, ranar farko

La'asar ta yi muka sauka. Mai taksi ya ɗaga buhunmu ya ji nauyi ya ce, "Hajiya, otel za ki ko kasuwar Fiti Marshe za ki kasa kaya?"

"Tsarabar maigida ce. Tuƙa."

Ƙofar otel ɗin ta gilashi ce, kuma da kanta ta buɗe mana. Kaka ta yi mata sallama, don ba a sani ba. Daɓen ciki yana sheƙi kamar ruwa kwance, har na ɗage bakin zanena kada ya jiƙe. Sai ga Yaya Laminu cikin kwat da igiyar wuya, yana tafe kamar ɗan gwamna. Wannan fa shi ne wanda akuyarmu ta taɓa kora har kan katanga.

Kaka ta ce, "Maigidana, ka yi kyau. To kai ni in gaida mai gidan nan."

Ya rage murya. "Kaka, nan babu maigida. Otel ɗin yana da ƴan'uwa a Abijan da Dakar da Kotonu, suna ɗaya, kama ɗaya. Masu shi suna can ƙetare, ni ma ban taɓa ganinsu ba."

"Gida ba maigida? To wa ke yi ma baƙo sannu da zuwa?"

"Ni."

"Wayyo. Sun shiga ukku."

Albasa ta bi ƙofar baya zuwa kicin, mu kuma muka shiga asansar, wani ɗan ɗaki mai madubi da ke tashi sama da mutane. Ni na isa hawa na shida nan take, amma cikina sai bayan isha ya same ni. A ɗakin Yaya ya jera mana dokoki: kada a buɗe ƙaramin firigo mai kayan sanyi, kada a shanya wanki a taga, kada a leƙa ɗakin kowa don gaisuwa. Ya nuna wani hoton taba da aka ja wa jan layi. Kaka ta ɓata rai ta ce, "Ka taɓa ganin kakarka da sigari?" Ya ba ta haƙuri ya fita.

Ƴan'uwa, gadon nan ba gado ba ne, girgije ne aka yi wa zanen gado. Na faɗa kansa na nutse, na yi ta nutsewa, na ɗauka sai na ɓullo a hawa na biyar. Kilim, na'urar sanyaya ɗaki, yana hura sanyi ba sauti. Na je taga na manna goshina. Ga rufin Babbar Kasuwa shimfiɗe kamar tabarmi, ga motoci suna zagaya shataletalen da ake kira rompuwan Maurai kamar tururuwa sun samu sukari, amma ko ƙaho ɗaya ba ya isowa kunnena. Birni guda yana motsi shiru, kamar a ƙarƙashin ruwa. Can nesa kogin Isa ya kwanta, rana tana narkewa a cikinsa. Jemagu suka taso daga itatuwa, suka yi ta wucewa, suka yi ta wucewa, har na ji kamar ɗakin ne ke tafiya su suna tsaye.

Na yi barcin da ban taɓa yi ba. Da asuba na tarar da Kaka zaune a kujera da carbinta, ido biyu.

"Kaka, ba ki kwanta ba?"

"Ɗakin ga ba ya warin kowa, ɗiyar nan. Ba hayaƙi, ba tuwo, ba mutum. Kamar ba a taɓa yin dariya cikinsa ba. Ina rufe ido sai in rasa inda nike."

Rana ta biyu

Da safe muka je wurin likita. Ya yi mata allura a gwiwa biyu, ya ce ta kiyaye abu biyu kamar wuta: hawa bene da durƙuso. Muka dawo ta huta, ni kuma na yi wanka sau huɗu, domin ruwan zafi da na sanyi daga bango ɗaya suke fitowa kuma ina son in gane inda suke rabuwa.

Gab da magariba Kaka ta kwance ƙullin kayanta ta fito da ƙaramin kasko, da gawayi a gwangwanin madara, da kwalbar turaren wutarta, wanda take haɗawa da kanta. Ta ce yau kam sai ta yi barci. Na duba dokokin Yaya a kaina ɗaya bayan ɗaya, babu turare a ciki. Ni ma na fifita garwashin, da wata takarda mai kauri da ke ɗauke da hotunan abinci.

Ba zan yi muku ƙarya ba, lokacin ya yi daɗi. Hayaƙin ya tashi siriri, ya lanƙwasa, ya bi hasken yamma da ke shigowa ta taga, ya zama ruwan zinariya. Ƙamshin ya cika ɗakin, sai ga tsakar gidanmu ta hawo hawa na shida: ga Inna tana tankaɗe, ga tattabaru, ga tabarmar Kaka a gindin darbejiya. Kaka ta jingina, fuskarta ta saki, idonta ya fara lumshewa. Na bi hayaƙin da kallo yana hawa, yana hawa, har ya isa wani farin abu mai kamar faifai da ke manne a rufi, mai ɗan jan ido.

Abin ya ƙwala ihu.

Na rantse an ji shi a Doso. Jiniya ta ɗauka ko'ina, wata murya tana magana da Faransanci daga cikin bango, ƙofofi suna buɗewa, ana gudu. Yaya Laminu ya banko ƙofa yana haki. Ya ga kasko, ya ga hayaƙi, ya ga takardar abinci a hannuna. Ya juye ruwan gora a kan garwashin.

"An kashe asansar. Dole kowa ya sauka ta bene."

Ya dubi gwiwoyin Kaka, sannan ya cire kwat ɗinsa ya miƙo mini, ya juya mata baya ya tsuguna. Hawa shida ya sauko da ita a goye, tana riƙe da wuyansa tana cewa, "Sannu maigidana, sannu," shi kuma gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

A farfajiya duniya ta taru. Ga wani Bature da tawul da kumfar sabulu a ka, ga wani alhaji riƙe da takalmi ɗaya da cinyar kaza, ga masu dafa abinci da dogayen huluna. Motar ƴan kwana-kwana ta iso da nata ihun. Na so in yi dariya, wallahi na so, sai na ga fuskar Yaya. Wata mata doguwa mai tabarau, Madam darakta, wadda ke riƙe da otel ɗin, ta tsaya gabansa ta ce a hankali, "Gobe ƙarfe takwas, ofishina." Dariyar ta koma inda ta fito.

Rana ta uku

Tun kafin takwas Kaka ta sa zanenta na salla ta ce in kai ta. Muka riga Yaya isa. Madam ta nuna mata kujera, Kaka ta ƙi. Ta dafa bakin tebur, ta fara sauka. Na ji gwiwar dama ta yi ƙara, ta hagu ta amsa. Matar da ta yi shekaru ba ta kai goshinta ƙasa ba, ga ta durƙushe gaban wadda ba ta wuce sa'ar ɗiyarta ba.

"Ni na kunna, ba shi ba. Yaron ga ya faɗa mani komi, wannan kaɗai ya manta, don bai san akwai gidan da ke tsoron turare ba. In kora ce, ni za a kora, kuma dama yau za ni."

Madam ta zabura, kujerarta ta bugi bango. Hausarta ta ƴan Yamai ce, da ɗan gishirin Zabarmanci.

"Subhanallahi! Inna, tashi! Kina so ki ja mini masifa?"

"Ba ni iyawa."

"Don Allah ki tashi!"

"Ɗiyata, ba gardama nike ba. Tashin ne ba ni iyawa."

Sai Madam ta tuɓe takalmanta masu tsini ta zube ita ma a ƙasa. Haka Yaya ya shigo ya same su, darakta da Kaka zaune a daɓe gwiwa da gwiwa, ni a tsaye riƙe da mayafi. Mu uku muka ɗaga ta. Madam ta ce maganar ba a hannunta kaɗai take ba, tun jiya labari ya kai ga manyanta na ƙetare, sai abin da suka ce. Ta rako mu har bakin ƙofar gilashi tana riƙe da hannun Kaka, amma ba ta yi alkawarin komai ba.

Komawa

Motar hantsi muka samu. Kaka ba ta tsokani kowa ba, ko jandarma. A Doso na sayo mata dambu ta ce ta ƙoshi. Wayata tana cinyarta, tana juya ta kamar mai gasa masara. Ni kuma na kalli gonaki suna gudu baya, ina ta ƙirƙiro wa Yaya wasu sana'o'in a raina, ba wadda ta dace da kwat.

Mun kusa Dogon Dutsi wayar ta yi ƙara. Na sa a kunnenta na manna nawa.

"Kaka, ban bar aiki ba. An ƙara mini wata guda na gwaji, an ɗauke ni daga teburin karɓar baƙi an mayar da ni ɗaukar kaya. Kuma Madam ta ce daga yau duk dattijon da ya sauka, ni zan raka shi ɗaki in nuna masa abin da ke rufi."

Kaka ta ce, "Alhamdu lillahi. To ka riƙa faɗa masu da ladabi, ba da wannan muryar taka ta agwagwa ba."

Ta miƙo mini wayar, ta ɗora kanta a kafaɗata. Cikin zafi, da ƙarar inji, da kukan jaririn kujerar baya, ta yi barci har da minshari. Ban motsa ba har Madawa. Kafaɗar nan tawa ta mutu a Konni, an yi jana'izarta a Malbaza.

Bayan isha muka shiga gida. Inna ta kawo ruwan ɗumi za ta gasa wa Kaka ƙafa, ta ɗage zane ta ga gwiwoyin sun kumbura sun fi yadda suka tafi.

"Inna lillahi! Wannan wane irin likita ne?"

Kaka ta ce, "Likita ba shi da laifi. Benen Yamai ne."

Ta dube ni ta gefen ido. Ni da na san ko matakala ɗaya ba ta taka ba, na buɗe baki, na rufe, na karɓi tsumman daga hannun Inna na ci gaba da gashin.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa direbobin da suka yi haƙuri da mu, da Madam darakta, Allah ya saka mata da alheri. Ku kuma da kuka karanta, ku sa Yaya Laminu a addu'a, watan nan nasa bai ƙare ba tukuna.