Haddar Turanci a Hor Al Anz

Saura kwana tara bizata ta ƙare wani ofishin kago, na masu aika kaya ƙasashe, a unguwar Al Sabkha ya kira ni intabiyu. In ban samu aikin ba, sai Kano. Yayata, wadda nake raɓe a ɗakinta a Hor Al Anz, ta ce Turancina na sakandare ko ƙofar ofishin ba zai kai ni ba. Ta jawo wani littafi da ya sha maiƙo, ta buɗe shafin kalmomin aikatau, kowace da siffa uku.

"Hadda za ki yi," in ji ta.

Haddar kuwa na yi, irin ta Islamiyya. Ina kan katifa ina rangaji, "begin, began, begun," ita tana tsaye a kaina da wayar caja kamar bulala. Da na yi tuntuɓe sai ta ce, "Koma farko." Na tambaye ta harafin da ake rubutawa ba a furtawa, uban me yake yi a wurin?

"Ke dai haddace, sarkin tsiwa. Ba a tambaya."

Ita hadda ba a shigarta ta tsakiya, wannan ne Yaya ba ta faɗa min ba. Ranar intabiyu manajan ofishin, wani Ba'indiye mai tumbi, ya tambaye ni aikin da na taɓa yi. So nake in ce na sayar da atamfa, kalmar kuma tana can ƙasan shafi. Sai na ji bakina ya ɗauko daga sama, ƙasa-ƙasa, kaina yana gaba yana baya. Ban kai rabi ba mutumin ya ajiye biro cikin ladabi, ya ce in idar da addu'ata, zai jira.

Haushi ya kama ni. Na ce khalas, ya isa haka. Na zuba masa Turancin da ba jiya ba gobe: ina sayarwa, ina ɗaure kaya, kwastoma ya yi min ihu in yi masa wanda ya fi nasa.

Ya ce, "Hausa?"

Ashe mai tare masa hajiyoyin Kano yake nema, masu zuwa su tayar masa da ofis a kan katan ɗaya. Ya ce in kawo fasfo gobe.

Na koma gida na faɗa wa Yaya. Ko kallona ba ta yi ba, tana shafa bangon littafin.

"To, kin ga amfanin hadda?"